Yadda za ka kare takardar da ka tura ta waya daga masu sauya rubutu

Ina da ɗan shagon kwamfuta a bakin tasha, a wani gari da ke ƙasar Ringim. Aikina bai wuce buga takardu, fotokwafi, hoton fasfo da cike wa yara fom na JAMB ba. Wata rana ana gab da faɗuwar damina, wani dattijo ya shigo ya zaro takarda daga aljihun rigarsa, ya miƙo mini ita tare da wayar ɗansa. Ya jinginar da gonarsa ne ga wani ɗan kasuwa a kan naira 150,000. Ɗansa da ke karatu a Dutse ya rubuta yarjejeniyar a waya, ya tura wa ɗan kasuwar ta WhatsApp don ya bugo a zo a sa hannu. Aka bugo, dattijo ya dangwala yatsa. Shi ajami yake karantawa, boko kuwa sai dai a karanta masa. Da ya tashi fansar gonarsa, sai aka nuna masa takarda mai ɗauke da 450,000.

Na ce, "Baba, da yaron ya tura, Word ya tura ko PDF?"

Ya ce, "Ɗana, ni ina na san wannan? Takarda ce dai a cikin waya."

Word ce. Lamba ɗaya tak aka goge aka sa wata, aikin da bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Abin da ya ceci dattijon nan shi ne saƙon farko yana nan a wayar ɗansa da kwanan watansa, ga kuma mutum biyu da aka ƙirga kuɗin a gabansu.

Bari in faɗi abin da masu tallar manhaja ba sa son faɗa. Duk takardar da ta shiga wayar wani, ba ka da ikon hana shi taɓa ta ɗari bisa ɗari. Ko ka kulle ta da kwaɗo bakwai, zai iya ɗaukar hotonta, ko ya zauna ya sake buga irinta. Abin da ke hannunka shi ne ka sa sauyin ya yi masa wuya, in ya yi a gane, kuma ka riƙe asalin da za ka kafa hujja da shi. Matakan da ke ƙasa duk a kan haka suke tafiya.

Mataki na farko: gyara rubutun tun kafin ya zama fayil

Nan ne mutane suka fi yin sakaci, alhali ba ya buƙatar data ko caji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kowane adadi, rubuta shi sau biyu, da lamba da kuma kalmomi: "N150,000, wato naira dubu ɗari da hamsin kacal." Haka buhu, haka kadada, haka kwanan wata. Mai son zamba zai sauya 1 ta koma 4 cikin sauƙi, amma idan sai ya bi wuri uku yana gyarawa, da wuya bai manta ɗaya ba. Ni nakan maimaita adadin a farkon takarda, a tsakiya, sannan a layin da ke daidai saman wurin sa hannu.

Kada ka bar fili. Tsakanin layin ƙarshe da wurin sa hannu a nan ake cusa sharaɗin da ba a yi da kai ba. Rubuta "ƙarshen yarjejeniya" ka ja layi a ƙasa. A gindin kowane shafi sa "shafi na 1 cikin 2", kuma a sa hannu a kowane shafi, ba na ƙarshe kaɗai ba. Na ga inda aka bar shafin sa hannu yadda yake, aka zare na farko aka sauya shi da wani. Idan jerin sunaye ne, irin na ƙungiyar manoma da za a raba wa taki ko na 'yan adashe, sa wa kowa lamba, a ƙasa ka rubuta "jimillar mutane 60, sittin."

Ba wa takardar lamba tata, misali harufan sunan ƙungiya da shekara da lambar jeri, ka shigar da ita a littafin ƙungiya da biro. Sannan sunayen shaidu da lambobin wayarsu su kasance a jikinta. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Waya ba ta ɗauke wannan ba, hanyar isar da takardar kawai ta sauya.

Mataki na biyu: kada ka tura Word, mayar da ita PDF

Fayil ɗin Word da na Excel don a riƙa gyara su aka yi su. Tura wa mutum irinsu tamkar miƙa masa allo ne da ruwan wanke shi. PDF kuwa kamfanin Adobe ne ya fito da shi a 1993 don takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura, kuma yanzu kusan kowace waya tana buɗe shi.

A kwamfuta, cikin Word, shiga File, zaɓi Save As, a wurin nau'in fayil ka zaɓi PDF. A waya, idan WPS Office kake amfani da shi, nemi Export to PDF a cikin kayan aikinsa. Idan ka rasa, danna Print, a wurin zaɓen firinta ka zaɓi Save as PDF, yawancin wayoyin Android suna da wannan. Buɗe sabon fayil ɗin ka karanta daga farko har ƙarshe kafin ka tura, musamman haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ, don wani lokacin sukan rikiɗe su koma akwati.

Sai dai kada ka ce ka gama. Word da kansa, tun daga na 2013, yana buɗe PDF ya mayar da shi rubutun da ake gyarawa, kuma yaran da ke zama a shagona sun san manhajoji da yawa masu yin haka kyauta. PDF yana hana kuskuren hannu da mai ƙaramar dabara, ba ya hana wanda ya ƙudura.

Idan takardar mai sa hannu ce, ga abin da na fi so. Buga ta a takarda, a karanta wa kowa da babbar murya, a sa hannu da biro shuɗi, mai unguwa ko dagaci ya buga hatimi, sannan a ɗauke ta da waya a mayar PDF. Manhajar Google Drive tana da wurin yin haka, akwai kuma Adobe Scan. A bari sa hannun da hatimin su ɗan hau kan rubutun, kada su tsaya su kaɗai a farin fili. Sa hannun da ke tsaye a farin fili, yanke shi a manna a wata takarda abu ne mai sauƙi ƙwarai. Saboda haka ne ma nake hana mutane ajiye hoton sa hannunsu a waya suna mannawa a takardu. Ranar da wayar ta faɗi a kasuwar Gujungu, ka ba wani hannunka kyauta.

Kwafin takardu masu daraja, kamar katin ɗan ƙasa ko takardar fili, rubuta dalilin bayarwa a gicciye a kansu: "An ba da wannan kwafi don neman bashin noma kawai." A Word ana yin haka ta Design sannan Watermark. Ko kuma ka rubuta da biro a kan fotokwafin kafin ka ɗauka, wannan ma ya isa.

Mataki na uku: kalmar sirri, da sanin iyakarta

Kulle-kullen da ke cikin waɗannan manhajoji ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma mutane suna ruɗewa a nan.

Akwai wanda Word ke kira Mark as Final. Wannan asabari ne a ƙofar ɗaki: yana nuna a yi sallama, amma kowa zai iya ɗage shi da dannawa ɗaya. Akwai Restrict Editing a ƙarƙashin Review, da Protect Sheet a Excel. Sun ɗara na farko, suna da amfani idan fom ne kake son a cike wasu gurabu a bar sauran, amma wanda ya san kan kwamfuta zai tsallake su.

PDF kuma kalmar sirri iri biyu gare shi. Ta farko ta buɗewa ce, wadda in babu ita ba a ganin komai. Wannan tana da ƙarfi idan kalmar doguwa ce, sai dai bare kawai take tarewa. Wanda ka tura wa dole ka ba shi ita, to ka ga ba ta hana shi komai ba. Ta biyu ta izini ce: a buɗe a karanta, amma ba gyara, ba kwafar rubutu. Ita ce ta fi kusa da abin da muke nema. Hanyar da ba a biyan kuɗi ita ce LibreOffice, wata manhajar kwamfuta mai aiki irin na Word: buɗe takardar, shiga File, Export As, Export as PDF, ka je shafin Security, ka sa kalmar izini, a wurin Changes ka zaɓi Not permitted. Rauninta shi ne manhajar mai karɓa ce ke mutunta wannan hani, kuma akwai waɗanda ba sa mutuntawa. Duk da haka sa ta, don mafi yawan masu taɓa takardu ba gwanaye ba ne, ganin ƙofa a buɗe ne ke ja musu.

Kada ka sa lambar wayarka ko shekarar haihuwarka. Haɗa kalmomi huɗu marasa dangantaka da lamba a tsakiya. Kada ka tura ta a hirar da ka tura fayil ɗin, kira mutum ka faɗa masa. Kuma rubuta ta a wani littafi a gida, domin in ka kulle Word da Encrypt with Password ka manta, ko Microsoft ba za su buɗe maka ba.

Mataki na huɗu: bar asalin a wurinka

Ka lura makarantu ba sa dogara da takardar sakamakon WAEC ko NECO da ɗalibi ya riƙo a hannu, sai sun shiga shafin hukumar sun duba. Kai ma za ka iya yin kwatankwacin haka. Ɗora PDF ɗin a Google Drive, wato ma'ajiyar fayil ta intanet, danna Share, ka ba mutum matsayin Viewer, mai kallo kawai, kada ka ba shi Editor, mai ikon gyara. A cikin saitin akwai inda ake cire wa masu kallo damar saukewa da bugawa da kwafa. Duk wanda aka kai wa takarda yana shakka, sai ya buɗe adireshin takardar da ke Drive ya gwada da ta hannunsa.

Matsalar a ƙauye ita ce sabis. Inda sai an hau tudu ake samun layi, ba za ka ce wa mutum ya riƙa shiga Drive kullum ba. Ni nakan tura PDF ɗin kai tsaye, in kuma ajiye asalin a Drive saboda ranar gardama.

Mataki na biyar: zanen yatsan fayil

Wannan shi ne mafi ƙarfi a cikin abubuwan kyauta, kuma kusan babu mai amfani da shi a wajenmu.

Kowane fayil, akwai lissafin da kwamfuta ke yi masa ta fitar da wani jerin haruffa da lambobi guda 64. Sunan lissafin SHA-256, jerin kuwa shi nake kira zanen yatsan fayil. Fayil ɗaya, ko a Hadeja aka lissafa ko a Makka, jeri ɗaya zai bayar. Amma a sauya ɗigo ɗaya a ciki, jerin gaba ɗaya zai birkice ya koma wani daban. Ba ya hana a sauya, amma da shi ba a musu.

Ga yadda ake yi a kwamfuta mai Windows, ba tare da intanet ba. Buɗe jakar da fayil ɗin yake ciki, wato folder. A dogon layin da ke sama, inda adireshin jakar yake, goge abin da ke wurin ka rubuta cmd ka danna Enter. Baƙin allo zai buɗe. Rubuta:

certutil -hashfile yarjejeniya.pdf SHA256

A madadin yarjejeniya.pdf sa sunan naka fayil ɗin, kuma zai fi maka sauƙi idan sunan ba shi da tazara a tsakiya. Danna Enter, jerin zai fito. A waya ma akwai ƙananan manhajoji masu wannan lissafi, rubuta SHA-256 a Play Store za ka gan su.

Kwafi jerin ka tura wa mai karɓa da shaidu a ranar, ta saƙon tes ko WhatsApp, ka kuma buga shi a manna a littafin ƙungiya. Ranar da aka zo da wani fayil aka ce shi ka turo, a yi masa lissafin a gaban kowa. In ya yi daidai, naka ne. In bai yi ba, an taɓa shi.

Abu biyu sukan ɓata wannan aiki. Na ɗaya, kada ka ce za ka rubuta jerin a cikin takardar kanta, domin da ka ƙara shi fayil ya sauya, jerin ma ya sauya. Na biyu, bayan ka lissafa kada ka sake buɗewa ka danna Save, ko da ba ka gyara komai ba. Gama komai tukuna, lissafi ya zama na ƙarshe. Kuma ka sani fayil ake aunawa da shi, ba takardar da aka buga a firinta ba.

Mataki na shida: sa hannu na na'ura

Wannan daban yake da hoton sa hannu. Hatimi ne na lissafi da ake ɗaura wa PDF, wanda duk abin da aka taɓa bayansa manhajar za ta nuna. A Adobe Acrobat Reader na kwamfuta, wanda kyauta ne, nemi Use a certificate, zaɓi Digitally sign, ja ɗan akwati a inda kake so, ka ƙirƙiri shaidarka da suna da imel da kalmar sirri. Kafin ka kammala, yi alama a Lock document after signing.

Ga sakataren ƙungiya ko shugaban makaranta da ke tura takardu ofisoshin Dutse ko Kano, yana da kyau ya koya. Ga sauran jama'a ban cika matsawa ba. Shaidar da ka ƙirƙira da kanka, wani ma zai iya ƙirƙirar irinta da sunanka, kuma kwamfutar mai karɓa za ta ce ba ta san mai ita ba har sai ya amince da ita. Yawancin manhajojin waya ba sa duba irin wannan sa hannu, kuma da an buga a takarda ƙarfinsa ya tafi.

Mataki na bakwai: yadda za ka tura

A WhatsApp, tura ta wurin Document. Idan ka tura a matsayin hoto, manhajar takan matse shi, rubutu ya dushe, zanen yatsan ma ya sauya.

Kada ka tura wa mutum ɗaya shi kaɗai. Buɗe ɗan zaure, wato group na WhatsApp, ka sa shi da shaidu biyu da wani naka, ka tura a nan. A ƙarƙashin fayil ɗin rubuta gundarin maganar: wane da wane, adadi kaza, ranar biya kaza. Sannan ka yi abin da na ga ya fi kowace manhaja aiki a ƙauye, wato saƙon murya. Karanta takardar da bakinka, ka ambaci rana da wata, ka ce wa ɗaya ɓangaren, "Alhaji, in haka muka yi, ka amsa da bakinka." Shi ma ya turo murya ya ce ya ji ya yarda. Tsohon da ba ya karatun boko zai saurara ya gane, matar da ke cikin gida za ta ji abin da aka rubuta da sunanta.

Duba ko an kunna saƙonni masu ɓacewa a hirar, waɗanda ke gogewa bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90. Kashe su. Ka kuma sani WhatsApp yana barin mutum ya gyara saƙon da ya rubuta cikin minti 15, kodayake yakan nuna an gyara, kuma mutum na iya goge nasa saƙon daga wayar kowa. Don haka da ya amsa, ɗauki hoton allon. A ƙarshe tura wa kanka kwafi ta imel, saboda waya tana faɗawa rijiya, imel kuwa yana nan da kwanan watansa.

Wata magana da ta shafi irinmu masu shago. Idan a shago aka buga maka, fayil ɗin Word yana nan a kwamfutar bayan ka tafi, kuma abokin cinikinka ma wannan shagon yake zuwa. Ka ce a tura maka shi a wayarka ko filash, a goge na shagon a gabanka, har da na kwandon sharar kwamfutar, wato Recycle Bin. Mai shagon kirki ba zai ji haushi ba.

Takardar sayar da gona ko fili kuwa, ra'ayina kada a tsaya a waya sam. A yi ta a takarda, kwafi uku duk da sa hannu na biro: ɗaya ga mai sayarwa, ɗaya ga mai saye, ɗaya a wurin dagaci. Ta waya ta zama ta ajiya.

Idan an riga an sauya

Kada ka goge komai, kuma kada ka fara zage-zage a zauren. Kada ka buɗe asalin fayil ɗin ka gyara wani abu, ko da kuskuren harafi ne ka hango. Nemi kwafin da ake iƙirari da shi, fayil ɗin kansa in zai samu, ka ajiye su gefe da gefe. Duba wurin adadin da kyau: sau da yawa lambar da aka cusa takan ɗan fi sauran kauri, ko ta ɗan hau sama, ko tazararta ta bambanta. In ka yi zanen yatsa, a lissafa a gaban shaidu.

Fara da mai unguwa da dagaci, yawancin irin wannan a zaurensu take mutuwa. Ta dattijon nan ma a gaban dagaci ta ƙare, da aka buɗe saƙon farko aka kira shaidu. In ta ƙi, doka tana nan. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar takardar da ta fito daga na'ura, da sharaɗin a kawo bayanin na'urar da tabbacin tana aiki daidai a lokacin. Dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta sa sauya bayanan kwamfuta don a ɗauke su a matsayin na gaskiya cikin laifukan da ake ɗauri a kansu. Lauya zai nuna maka yadda ake shigar da hujjar.

Ranar zuwa, ko wurin dagaci ko kotu, tafi da wayar da aka yi turawar da ita, ba hoton allo da aka buga kaɗai ba. Kai ta wurin mai caji tun daren jiya, ka sa data ko ta ɗari biyu ce, don za a iya cewa ka buɗe imel ɗin a nan take.